Ƙofar da gam ya rufe: yadda muka gyara wani tsohon Soundwave a Sakkwato

Wata Asabar ce cikin hunturun bara, ƙura ta lulluɓe gari har ba ka hango ƙarshen titin Emir Yahaya, sai ga wani malamin makaranta da na daɗe ina yi wa gyaran waya ya shigo shagona da wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Ya ajiye a kan tebur, ya warware a hankali. Na ɗauka ƙaramar rakoda ce irin wadda 'yan jarida ke yawo da ita a da, shuɗiya, da ƙofar kaset a gaba da maɓallai masu ƙyalli a ƙasa. Har na juya ta ina neman gidan batir.

"Ba rakoda ta ba, Injiniya," in ji shi. "Dakata ka gani."

Ya jawo gefe biyu suka sauko suka zama ƙafafu, ya fito da hannaye daga baya, ya ɗago kai daga sama. Kafin in ce wani abu sai ga mutum-mutumi a tafin hannunsa, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Da ya tsayar da shi a kan tebur, sai ƙafafun suka baje ya kife.

Shekara goma sha takwas ke nan ina gyara, na fara da rediyo da rakoda a wurin maigidana kafin waya ta kore su, amma ban taɓa riƙe irin wannan ba. Aikin ya ci mana mako uku, kuma na ga ya kamata in rubuta yadda ya gudana, domin irin waɗannan kaya suna nan kwance a akwatunan gidaje, wasu kuma suna fitowa cikin dilar gwanjo, kuma kusan duk wanda ya karye a hannunsa abu ɗaya yake fara rarumowa, wato sufa gulu.

Abin da aka kawo

Sunansa Soundwave, yana cikin jerin farko na kayan wasan Transformers da kamfanin Hasbro ya fitar a Amurka a 1984. Asalinsa na Japan ne. Kamfanin Takara ne ya ƙera shi a 1983 cikin jerin da ya kira Micro Change, inda ake yin mutum-mutumin da ke rikiɗa ya koma kayan amfanin gida, kuma a can sunansa Cassette Man. A bayan wanda aka kawo mani akwai sunan Takara da na Japan a zube cikin robar. Akwai kuma wata baƙar sitika mai kusurwa huɗu wadda in ka goga yatsa ɗumi ya taɓa ta sai tambari ya bayyana. A 1985 aka fara manna irin wannan sitika, don a bambanta na ainihi da na kwaikwayo. Wannan ya yi daidai da labarin mai shi: kawunsa ne ya zo masa da shi tsaraba a 1986 da ya dawo daga karatu a Amurka, lokacin yana ɗan shekara bakwai. Kawun ya rasu, kuma a cikin duk abin da ya taɓa ba shi wannan kaɗai ya rage.

Ba ya kunna kaset, ba ya cin batir. Ƙofar ƙirjinsa ce kawai ke buɗewa in an danna maɓallin da ke kafaɗarsa, a ciki kuma a sa ɗan ƙaramin kaset wanda shi ma ke warwarewa ya zama tsuntsu. Sunan tsuntsun Buzzsaw, tare ake sayar da su a kwali ɗaya. Gidan batir na baya ma'ajiya ce ta wasu batura biyu na ƙarya da ke zama makamansa.

Malam ya ce tun yana yaro a siffar rakoda yake ajiye shi, domin mahaifiyarsa ba ta yarda a tsayar da mai siffar mutum a ɗaki ba. Wannan ya taimaki abin fiye da yadda ya sani. Shekara kusan arba'in gaɓoɓin suna naɗe, fuska da hannaye suna ɓoye daga haske da ƙura.

Na kirga aibi huɗu. Ƙafafu sun saki. Marfin gidan batir ya ɓata tun da daɗewa. Biyu daga cikin sukurorin baya sun yi tsatsa. Na huɗu shi ne ya kawo shi: ƙofar ƙirji ta manne ƙam, gilashinta na roba ya yi fari fat daga ciki kamar an hura masa garin alli, maɓallin kafaɗa ba ya motsi, tsuntsun kuma yana kulle a ciki.

"Yaya, wa yas sa mai gam?" na tambaye shi.

"Ɗan ƙanena na. Ya ɗauka ba da sanina ba, ƙohwar ta ɓalle mai, tsoro yak kama shi."

Yadda gam ɗin ya yi ɓarna

Na sa aka zo da yaron washegari, ba don faɗa ba. Ina so in san inda ya zuba da yawan abin da ya zuba, domin in ban sani ba zan yi ta tono a makance. Ɗan shekara goma sha biyu ne, kansa a sunkuye. Ya ce ya danna maɓalli ƙofar ba ta buɗe ba, sai ya sa farce ya ɓamɓaro ta, ya ji ƙas. Ƙofar tana juyawa ne a kan wasu 'yan kunnuwa biyu a gindinta, ɗaya ya karye. Ya mayar da tsuntsun ciki, ya ɗiga gam a wurin karayar, ya rufe.

"Kawu, niy yi ta jira bai bushe ba, sai niƙ ƙara."

Sau uku ya ƙara. A nan ne ɓarnar take, kuma yanayin garinmu yana da hannu a ciki. Sufa gulu ba iska ce ke busar da shi ba, danshi ne. Ɗan laimar da ke cikin iska da wanda ke kan abin da za a manne shi ke sa ya daskare, shi ya sa yake kama yatsa nan take. A hunturun Sakkwato iska a bushe take ƙayau, leɓe na tsagewa, saboda haka gam ɗin yakan daɗe yana ruwa. Mai gaggawa sai ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara, alhali yawansa ƙara jinkirta shi yake. Muddin yana ruwa kuwa gudu yake, ya bi kowace kafa. Wannan ya gangara ya cika gindin ƙofa, da yaron ya kifa abin kuma ya bi gefe ya kai ga ƙugiyar maɓalli. Tururinsa da ya rasa hanyar fita a rufaffen ƙirji shi ne ya sauka a jikin gilashin ya zama farin nan, har ana ganin shatar yatsan yaron a ciki, domin tururin ya fi kama inda maiƙon hannu yake.

Karayar da kanta aikin 'yan kwanaki ce. Gam ɗin ne ya ci sauran kwanakin.

Abin da na hana kaina taɓawa

A teburin mai gyaran waya akwai abubuwa uku da hannu ke zuwa kansu da kansa: sifirit, bulowa, da ruwan goge jan farce. Duka ukun na kawar da su gefe.

Ruwan goge jan farce, wato asiton, yana narkar da sufa gulu, gaskiya ne. Amma jikin wannan abin irin robar nan ce mai tauri da ake kira ABS, ita ma asiton narkar da ita yake, ya bar ta da laushi da tabo. A kan roba mai haske kuwa ɗigo ɗaya ya isa ya dushe ta har abada. Sifirit bai kai shi zafi ba, amma yana cin fenti da ruwan azurfar da aka shafa wa maɓallai, yana ɗaga sitika, kuma tsohuwar roba mai haske takan yi 'yan tsage-tsage in ya jiƙa ta. Bulowa kuma da muke ɗaga gilashin waya da ita, zafinta ya wuce abin da ABS ke ɗauka, domin ita daga wajen digiri 105 take fara saki, siririn wuri ma tun kafin nan ya lanƙwashe. Wani abokin sana'ata ya ce in jefa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu ya kwana. Da babu sitika da sukurori da ƙarfen zubi a tafin ƙafafunsa, da shawara ce mai kyau.

Saura hanya ɗaya: a buɗe ta baya, a iske gam ɗin daga ciki, a kankare shi da hannu.

Sukurori sun ci yini biyu. Kan sukurun Japan yana kama da na sukundireba mai kuros da muka saba da ita, amma yankansa daban ne, ana kiransa JIS. In ka sa wadda ba tasa ba ka murɗa da ƙarfi, sai ta zame ta cinye kan. A cikin kayan aikin da na gada daga zamanin rakodar Japan na sami wadda ta zauna daram. Masu tsatsar na ɗiga musu man keken ɗinki da bakin allura, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba don kada ya malala a roba, na bar su suka kwana. Ɗaya ya fito. Ɗayan sai da na ɗora bakin ayan ɗin da muke narka dalma da shi a kansa na ɗan lokaci kaɗan, ƙarfen ya ji ɗumi, sannan ya motsa. Kowane sukuru na manna shi a takarda a daidai zanen inda ya fito, kuma na ɗauki hoto da waya kafin in cire kowane abu. A cikin ƙirjin akwai ɗan sifirin da in ya yi tsalle ya faɗi ƙasan shago, sai dai haƙuri.

Da bayan ya buɗe, tsuntsun ya fito lafiya. Gam ya taɓa gefensa ɗaya kawai. Daga nan sai kankara da tsinken sakace da bakin reza, a ƙarƙashin gilashin da nake duba allon waya da shi. Sufa gulu in ya bushe yana da ƙarfi wajen ja amma ba ya jure bugu daga gefe, ɓarewa yake kamar ƙanzo. Kowace rana bayan la'asar nakan ba shi awa ɗaya, in na ji hannuna ya fara gajiya in ajiye. A rana ta shida ƙugiyar maɓalli ta motsa, a ta takwas ƙofa ta fito a hannuna.

Gyara ko sauyawa

A nan muka zauna da Malam, domin shawarar tasa ce.

Ana samun ƙofar. Masu tara irin waɗannan kaya a Amurka da Turai suna sayen waɗanda suka lalace su farke su, su sayar da sassan ɗaya-ɗaya a kasuwar intanet ta eBay. Akwai masu zuba sabbin sassa na kwaikwayo, akwai masu buga su da injin ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa. Amma akwai tarko. An sake fitar da Soundwave sau da dama, kuma ba duka ƙofofin ne iri ɗaya ba. A 1987 Takara ta fitar da wani baƙi mai suna Soundblaster wanda ƙofarsa ta fi zurfi don ta ɗauki kaset biyu, wasu bugun baya kuma sun gaji wannan sauyin. Wanda ya ga hoto kawai ya biya, zai iya karɓar ƙofar da ba za ta zauna ba. Ga kuɗin aikowa da yakan fi kuɗin abin, ga dala da ta yi sama tun da aka saki naira a Yunin 2023, ga jiran makonni. Ko an samu ta ainihin ma, shekarunta ɗaya da wadda ta karye, robarta ta tsufa daidai da ita.

Na faɗa masa ra'ayina a fili. In sayarwa zai yi, ƙofar ainihi marar tabo ta fi daraja a idon masu saye. In ajiyewa zai yi, wannan da ke hannuna ita ce kawunsa ya taɓa.

"Ba na saisuwa na ba," ya ce. "Wagga ƙohwa ita nika so, ko da tabo."

Marfin baya kuwa babu abin da za a gyara tunda babu shi. Shi muka yarda a nemo, ko na kwaikwayo ne, ta hannun wani ɗalibinsa da ke karatu a Ingila, in zai dawo hutu ya sako shi a aljihu.

Dasa sabon kunne

Guntun kunnen da ya karye ya narke cikin gam, ba ya moruwa. Ko da yana nan ma, manna shi baki da baki aikin banza ne: wurin bai kai kan ashana faɗi ba, kuma duk buɗewa a kansa nauyi yake. Abin da ke riƙewa shi ne a huda, a dasa ƙarfe a ciki, a gina roba a kansa.

Ban fara a kan ƙofar ba. Na je wurin wani dattijo da har yanzu yake da ragowar kaset ɗin wa'azi da na waƙa a kasuwa, na sayi tsofaffin gidajen kaset guda biyar, masu hasken nan da ke tsagewa da an taka. Robarsu ta tsufa, tana da gautsi irin wanda nake tsoro. Na farko ya tsage da na sa injin huji. Na biyu ya tsage da na gwada allura mai zafi, ramin ya yi baki ya faɗaɗa. A na uku na gane hanya: bakin huji mai kaurin milimita 0.8, a riƙe da yatsu, a murza a hankali ba tare da dannawa ba, a fito da shi a share gari bayan kowane juyi kaɗan. Sai da na yi rami goma a jere babu tsaga sannan na ɗauko ƙofar Malam.

Ramin ya shiga kamar milimita 3. Na yanko guntun allurar ɗinki, na goge shi da samfefa don gam ya sami wurin kamawa, na dasa shi da gam ɗin Araldite, irin mai jinkirin bushewa. Na zaɓe shi ne domin ba ya tururi, ba ya gudu, kuma yana ba ka lokacin daidaitawa. Bayan kwana ɗaya na sake gina wani a kan allurar, ya kwana biyu, sannan na bi shi da ƙaramin magagari ina gwadawa da lafiyayyen kunnen ɗaya gefen har kaurinsu ya zo ɗaya.

A nan na yi kuskure, kuma nawa ne. Wajen gwaji na uku na tura ƙofar mazauninta alhali sabon kunnen bai gama siranta ba, sai wata 'yar tsaga kamar gashi ta fito daga bakin ramin, tsawonta bai kai rabin farce ba. Na tsaya cik. Na cika ta da ɗan Araldite a bakin allura, ba ta ƙara tafiya ba, amma tana nan, in ka karkata ƙofar ga haske za ka gan ta. Na nuna wa Malam ita ranar da ya zo, kafin ya gani da kansa.

Farin da ke jikin gilashin na bi shi da man goge baki a kan auduga, daga ciki kawai, ina kauce wa zanen ruwan zinariya da ya zagaye ƙofar. Tsakiya ta washe har ana ganin tsuntsun sarai. Kusurwar ƙasa inda gam ya kwanta da kauri ta ci robar, ba ta fita ba, kuma na bar ta. Da na ci gaba da gugar da sai wurin ya rame.

Ƙafafu ba su ba da wahala ba. Gaɓar ta sake ne don shekaru sun cinye robar da ke gogar juna, ƙurar hunturu da ke shiga kuma kamar samfefa take. Masu wannan sha'awa a waje sukan shafa jan farce marar launi don gaɓa ta ƙara kauri, amma shi ma akwai mai narkar da roba a cikinsa. Na yi amfani da farin gam na kafintoci, wanda ruwa ne asalinsa: shafi siriri, a bari ya bushe sarai kafin a haɗa, a sake in bai isa ba. Shafi biyu ya tsayar da shi. Zai saki wata rana, amma ana ɓare shi da farce a sake sabo, bai taɓa robar ba.

Ranar karɓa

Malam ya zo da yaron. Na rubuta masa a takarda duk abin da aka yi: kunnen hagu allura ce da Araldite, akwai tsaga a gefensa, an sa farin gam a gaɓoɓin ƙafa, sukuru ɗaya na sauya shi da na tsohuwar rakoda, na ainihin yana ƙulle a leda. Na ce ya ajiye ta tare da abin. Ko bai sayar ba, wata rana zai koma hannun wani, kuma mai gyara na gaba yana bukatar sanin akwai ƙarfe a wurin kafin ya sa reza.

Na tambaye shi inda yake ajiyewa, ya ce a kan kabad, dab da rufin kwano. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa. Ba zai narke ba, amma zafi da hasken rana su ke tsofar da roba su sa ta gautsi, su busar da gam ɗin sitika, su sauya launi. Muka yarda ya koma ƙasan akwati, cikin tsumman auduga, da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi saboda damina, kuma kada a bar shi a mota ko na awa ɗaya. In za a buɗe ƙofa, a tare ta da yatsa ta sauko a hankali, kada sifirin ya wurgo ta.

Malam ya miƙa wa yaron. Yaron ya noƙe hannu.

"Karɓi," ya ce masa. "Danna nan, ka tare da ɗan yatsa awa yadda Kawunka yag gwada."

Ya danna, ƙofa ta sauko a kan yatsansa, ya zaro tsuntsun ya warware masa fukafukai. Malam ya naɗe sauran cikin rawanin. Marfin baya bai iso ba tukuna, ɗalibin sai hutun ƙarshen shekara, don haka na yanka farin kwali daidai wurin na toshe, kada baturan ƙaryar su zube a hanya.